Tiren da Farfesa Ya Lanƙwasa

Farfesa bai gama ɓoye gudumar a bayansa ba matarsa ta ɗaga tiren aurenta, wanda ya lotsa gefe guda kamar mota ta taka shi.

"Gwaji ne, ranki ya daɗe," ya ce. "Farkon halitta, kowace ƙwayar zarra ta zo da abokiyar gabarta, in sun haɗu sai su shafe juna. Da an tafi kunnen doki, da babu ni, babu ke. Ina jin sararin samaniya ne ya ɗan karkace, ɓangare ɗaya ya rinjaya. Shi zan nuna wa ɗalibaina."

"Wato karkacewar ce ke raba rabo?"

"Kin gane!" Har ƙwalla ya kawo. Abokan aikinsa sun shekara suna masa dariya.

Da rana ta zubo musu abinci a tiren, ta juya shi a hankali. Yana kallo naman ya gangara gabanta kaf, aka bar shi da farar shinkafa.

Ya miƙa hannu, ta ƙwale shi da cokali.

"Kul, Farfesa! Kar ka taɓa tsarin halitta. Ɓangarenku ne aka shafe."