Ɗanyen Tulu

Soja ya buɗe tiyon motar ruwa, ya zuba rabon gidan wani mutum duka cikin tulun da mutumin ya gina da hannunsa.

Tun lokacin da fari ya kashe wa mutumin raƙuma yake koyon ginin tukwane wurin gwaggonsa. Ta ce yumɓu sai ya kwana a jiƙe, ya ce ɓata lokaci ne. Ta ce a gasa, ya ce ranar Agadas ta fi wuta. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Bai kai gida ba tulun ya narke bisa kansa. Ya tarar da 'ya'yansa a zaure, kowa da moɗa a hannu. Gwaggo ta dangwali taɓon gemunsa, ta murza.

"Madalla, ɗana. Yau ka iya jiƙa yumɓu."