Attajirin da Ya Gina wa Motoci Kasuwa

Tunda ka shigo mini da takardar gininka kana huci, wai hukuma ta cinye maka rabin fili, ajiye ta nan, ka sha ruwa, in ba ka wani misali.

An yi wani attajiri mai fataucin yadi, wanda ya tashi a rumfar mahaifinsa cikin tsohuwar kasuwa, inda kafaɗa ke gogar kafaɗa tun hantsi har la'asar sakaliya. Wannan hayaniyar ita ce abin da zuciyarsa ke bege. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi fili a bakin babban titi, ya ce zai ta da bene hawa huɗu, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, ya cika da jama'a kamar rumfar da ya sani yana yaro. A bakin filin akwai wata tsohuwar tsamiya da masu jiran mota suka saba fakewa a inuwarta. In ya je duba wurin da yamma, yakan jingina da motarsa ya lumshe ido, sai ya ga benen ya riga ya tsaya, gilasai na ɗaukar rana, haraba cike da motoci reras, suna sheƙi kamar kwanukan jere a ɗakin amarya. Abin da bawan Allah bai lura da shi ba, duk mafarkin nan babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki. Shi a ganinsa mota ita ce mutum.

Da ya kai zanen ginin ofishin masu tsara birni, wata ma'aikaciya ta ɗauki jan biro ta bi takardar. Ta ce titi ya gaji da motoci, don haka duk sabon ginin kasuwanci sai ya rage wurin ajiye su, ya ware inda bas zai ratse ya sauke mutane, da rumfar jira, da wurin ɗaure kekuna, da famfo da makewayi domin wanda ya zo a ƙafa ko a keke ya wanke gumi kafin ya kama aiki. Ta zagaye tsamiyar da jan layi. "Alhaji, wannan ai ta riga ta yi maka rabin aikin," in ji ta. Ya yi murmushi irin na wanda ya ga jiya ya ga yau, ya ce to, ranki ya daɗe.

Ya kuwa cika doka, amma cikawar mai wayo. Wurin kekuna ya kai shi bayan gini, jikin janareta, inda hayaƙi ke turnuƙewa. Rumfar jira ba ta fi faɗin tabarma ba, tana kallon ranar yamma ido da ido. Wurin ratsewar bas ya matse shi har ko ɗan a-daidaita-sahu sai ya yi dabara. Famfo an kafa, ba a ja masa ruwa ba. Tsamiya kuma ya ce gara ta cinye ta, aka kwantar da ita wata Juma'a mutane suna masallaci, aka malala kankare a gurbinta, ya samu wurin mota shida. Ya ce in da buƙata, a gyara daga baya.

Gini ya tashi, ya yi kyau, ba ƙarya. Motoci suka zo, kowace da mutum ɗaya tal a ciki, na masu ofisoshin sama, suka cika haraba tun ƙarfe takwas, ba su motsi sai yamma. Mai saye ya zo ya rasa inda zai tsaya, ya yi gaba. Direbobin bas suka daina ko rage gudu. Masu tsaron shago da ke zuwa daga unguwanni masu nisa suka gaji da sauka can gaba suna takowa cikin rana, suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya, shagunan ƙasa suka bi su da rufewa. Ya kira magini ya ce a gyara. Maginin ya zagaya, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce ginshiƙan gaba sun hau kan inda bas zai ratse, in an taɓa su benen ne zai amsa. Tsamiya kuwa, in an dasa yau, jikokin Alhaji za su sha inuwa.

Wata la'asar cunkoso ya riƙe shi a titin, yana zaune a bayan mota yana hangen benensa. Tsallaken titi wata hajiya mai kayan ɗinki ta yi nata ginin, hawa biyu kacal, ta bi jan biron nan layi-layi. Bas na ratsewa yana zubar da mutane ƙarƙashin darbejiya, kekuna jingine, ga mai shayi, ga mai gyaran takalmi, ga mata da ƙunshin kaya a ka. Sanyin mota ya kwashe shi, gyangyaɗi ya zo. Sai ya ga tsamiyarsa ta dawo, 'ya'yanta na lilo, inuwarta ta miƙe har cikin shaguna. Ya ji kafaɗa ta gogi tasa. Ya ji muryar mahaifinsa yana auna yadi, yana cewa a matsa wa baƙo ya zauna. Ya miƙa hannu zai gaisa, hon na baya ya farkar da shi.

Ya dubi harabarsa. Motoci reras, suna sheƙi, daidai da yadda ya roƙa, babu mai motsi a ciki sai maigadi yana korar ƙuda. Ya ce wa direba kada ya shiga, su wuce gida.

To, ɗauki takardarka, ka sake duban jan layin nan tun siminti yana cikin buhu. Hausawa suka ce, tun ran gini tun ran zane.