Majiya ta Arba'in da Ɗaya

Badung na ganin ambulan a hannun Tabawa ya san abin da ya daɗe yana gudu ya iso har ƙofar gidansa. Ya miƙa mata kujera, idonsa a ƙasa.

Shekara ashirin da takwas ke nan ba ya iya haɗa ido da matar nan, ga shi katanga ce kawai ta raba gidajensu a unguwar Rikkos. A da, a gindin kaskonta na masa yake karyawa kullum kafin ya wuce aiki, tana tuya tana hira. Daga baya ya ɗauke ƙafa, ya ce wa mutane likita ne ya hana shi cin mai.

Kowa ya san Badung tsohon soja ne, amma kaɗan ne suka san a hukumar leƙen asirin soja ya yi aiki. Zamanin mulkin soja ne, lokacin da babu mai tambayar hukumar ba'asi. Aikin hawa-hawa yake: ƙananan jami'ai su tattaro bayanai, masu nazari su tace, manya su sa hannu. Ƙa'ida ce kowane ƙaramin jami'i ya mallaki majiya mai rajista, wato mai tsegunta masa bayanai a ɓoye. Lamba ake ba ta, sunanta kuwa daga shi sai wani kati da ake kullewa.

Badung ya yi wata bakwai bai samu ko ɗaya ba, don shi mutum ne da ko tambayar hanya nauyi take yi masa. Ogansa ya tsayar da shi gaban abokan aiki, ya ce in wata ya ƙare hannu rabbana, to ya shirya komawa gadin ƙofa. Kafin mako ya zagayo ya kawo Majiya ta 41.

Rahotonta na uku ne ya faɗa kan Haladu, mijin Tabawa, direban motar katako a kasuwar Katako. An ce baƙi biyu sun sauka a gidansa, sun bar akwatin ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashin gado, ya kuma hana kowa taɓawa. Masu nazari suka ja layi a ƙarƙashin maganar akwati, manya suka sa hannu, aka ɗauke Haladu. Da aka fasa akwatin, haƙoran injin yankan katako aka tarar. Amma hukuma ba ta saurin cewa ta yi kuskure. Wata goma sha huɗu ya yi a tsare, ya fito da tari, bai shekara ba ya rasu.

Yanzu zamani ya juya. An kafa wani kwamiti na farar hula yana bitar tsofaffin fayiloli, yana ba iyalai kwafin abin da ya shafe su. Su ne takardun da Tabawa ta zube masa a cinya.

"Oga Badung, jikata ta karanta mini, amma lamba kawai ta gani, babu suna," in ji ta. "An ce kun san kan irin wannan aiki. Wanda ya san abin da ke ƙarƙashin gadonmu ai ɗan gida ne. Ilu ne, ko?"

Ilu ƙanin Haladu ne. Tun ranar jana'iza ba ta sake amsa gaisuwarsa ba, ta kuma hana 'ya'yanta taka gidansa. Yanzu yana kwance rai a hannun Allah, ya aiko sau uku yana neman ganinta.

"Ina so in sani kafin in je," ta ce. "Ko wane ne, kullum sai na kai ƙararsa wurin Allah. Ban yafe ba, duniya da lahira."

Badung ya duba takardar, ko da yake ba ya bukata. Ya gane har harafin da keken rubutun ofishinsu ke tsallakewa. Kunya ta lulluɓe shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. In ya yi shiru, Ilu zai tafi kabari da laifin da ba nasa ba. In ya faɗi gaskiya duka, ya san wanda gaskiyar za ta kashe.

"Hajiya, ba Ilu ba ne," ya ce. "Babu wata majiya. Ni na ƙirƙiri lambar don kada a kore ni. Ta taga na hango akwatin, na rubuta."

Tabawa ta ɗago ta dube shi.

"Kai?" ta ce a hankali. "Kai da nake ƙara wa masa biyu a kan taka?"

Ta tattara takardunta, ta ce Allah ya isa, ta fita ba ta waiwayo ba. Ya ji ta a waje tana tsayar da mai keken haya, tana faɗin unguwar da Ilu yake.

Badung ya san kafin la'asar duk Rikkos ta ji, ranar Lahadi kuma babu mai zama kusa da shi a coci. Bai ga an zalunce shi ba, don rabin abin da ya faɗa gaskiya ne. Sauran gaskiyar kuwa da ita zai mutu. Bai taɓa leƙa tagar kowa ba, kuma majiyar ba ƙirƙira ba ce: a hirar gindin kasko ya ji labarin akwatin. Shi ya cike katin rajistar da hannunsa, a gurbin suna ya rubuta: Tabawa mai masa, matar wanda ake zargi, ba ta san an yi mata rajista ba.