Farin Fenti

Gwangwanin da ta ajiye a gindin zanen an rubuta masa "farin fenti", kuma babu wanda ya ga dalilin buɗe shi ya duba.

'Yar Safa ake ce mata a sashen zane-zane na jami'ar, don ba a taɓa ganin hannunta babu baƙar safa ba. Ta ce fenti ne ke sa mata ƙaiƙayi. 'Yan ajinsu suka yi ta tsokanarta har suka gaji don kansu. Yau ne baje kolin 'yan ajin ƙarshe, kuma abin da za ta yi yanzu shi ne digirinta. In ya ɓaci, ta koma gida hannu rabbana.

Zanen na Farfesa ne, shugaban sashen. A cikinsa wata mata ce a bakin taga ta juya baya, can ƙasa ta hagu kuma akwai baƙin tabo mai kauri da sa hannunsa a kai. Ya sha faɗa cewa shi kaɗai ya zana shi, a ɗaki a kulle. Da shi ya yi suna, da shi ya hau kujera. Tun daga nan bai sake zana ko ƙwai ba, sai dai ya cika littattafai da bayanin cewa zane da hannu ya zama tsohon yayi.

Kowace shekara yakan ba sababbin ɗalibai labarin wata ɗalibarsa ta da. Mai goyo ce, in ji shi, takan zo ɗakin zane da 'yarta, yarinyar ta yi ta dama fenti da hannu. Rana ɗaya matar ta tashi ta ce zanen nata ne. Aka kafa kwamiti, aka kore ta.

"Na ji a kan keken ɗinki ta ƙare," yakan ce, aji ya kwashe da dariya.

'Yar Safa ma ta yi dariya a shekararta ta farko, har ya lura da ita. Ta tsane shi, irin tsanar da ba ta hana gaisuwa. Ta haddace littattafansa, ta riƙa ɗaukar masa jaka. Ta shiga darasin gyaran tsofaffin zane-zane, wanda kowa ke gudu saboda wari. Da ta ga ya saki jiki, sai ta kai masa shawara.

"Ranka ya daɗe, kai ka koya mana cewa aiki ba na mai suna ba ne, na mai kallo ne. Ina so in rufe sa hannunka da farin fenti a gaban jama'a, a ga ko zanen zai tsaya da ƙafarsa."

Da ya ji za a gayyato 'yan jarida, nan take ya amince. Ƙarin fenti a wannan kusurwa ma bai ƙi ba.

Ɗakin baje kolin ya cika, shugaban jami'a na layin gaba. Farfesa ya gyara wuyan riga ya karɓi makirufo.

"Duk abin da yarinyar nan ta yi wa zanen, shi ne fasahar. Kada wanda ya tsayar da ita, ko da ni ne."

Aka tafa masa. Baki shi ke yanka wuya.

Ta buɗe gwangwanin. Wari ya bugi layin gaba, kuma Farfesa ya gane shi: ruwan narkar da fenti ne. Ya yunƙura zai tashi, ya ga kyamarori sun juyo kansa, ya koma ya zauna.

Ta tsoma auduga ta goga. Sa hannun ya tafi, amma ba ta tsaya ba. Baƙin tabon ya soma narkewa, wani ja ya leƙo daga ƙarƙashinsa. Ta daɗe tana koyon inda fentin sama yake ƙarewa. Da ta ja da baya, sai ga tambarin tafin hannun ƙaramin yaro, an dangwala shi da jan fenti.

Wani ɗan jarida ya matso ya ƙura ido.

"Kai, cindo ne. Yatsu shida. Farfesa, ba ka ce kai kaɗai ne a ɗakin ba? Hannun wane ne wannan?"

Farfesa ya kawar da kai daga zanen.

"Ranka ya daɗe," in ji 'Yar Safa a hankali, "mai keken ɗinki ta ce a gaishe ka."

Ta zare safar hannunta na hagu, ta buɗe tafinta kusa da ƙaramin, yatsu shida a gefen yatsu shida.