Salansar da Mutala Ya Haɗa

"Cire ta," in ji Khalidu, yana nuna wa mai walda salansar tsohuwar jif ɗinsa. "Sa mini wadda ba ta ƙara."

Shekara biyu ke nan motar tana ruri a unguwar Zango. Amininsa Mutala ne ya haɗa masa salansar da hannunsa, wai babban dillalin shanu bai kamata ya shigo unguwa kamar ɓarawo ba. Sai da Alfa, limamin unguwa, ya yi ƙorafi cewa ƙarar tana ɓata wa mutane salla, sannan Khalidu ya haƙura. Ya tarar da shagon Mutala a kulle, shi ya sa ya wuce Magazin, unguwar makanikai.

Da ya tsaya a ƙofar gida, ko awakin da ke kwance ba su ɗaga kai ba. Ya shiga yana murmushi, zai ba matarsa Barkisu mamaki.

A bakin ɗakinsa ya ga takalman da ya sani.

"Tashi ka tafi, ya kusa dawowa," in ji Barkisu daga ciki.

Mutala ya yi dariya. "Kwantar da hankalinki. Ni fa na haɗa salansar nan. Tun daga kwanar masallaci za mu ji shi."