Faifan Ladi

Mu huɗu ne a tsakar gida da la'asar ɗin: Iya kakarmu, Gwaggo Asabe, ƙanwata Ladi, da ni. Ni da Ladi muna saƙar faifai; wadda nata ya fi kyau ita za ta bi Iya kasuwar Wudil ranar Juma'a.

Iya ta juya na Ladi, ta gyaɗa kai. Nawa kuwa ya karkace kamar an zauna a kansa.

"Ke hannunki itace ne," Iya ta ce mini, "sai ido kamar na shaho."

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya. Ƙanwata fa ta fi ni! Yau da jikokina, amma ban manta ba.

Washegari ban taɓa kaba ba. Na zauna gaban Ladi, na kafa wa yatsunta idon nan, har na gano inda take dannewa kafin ta ja. Ban ce ta koya mini ba.