Takobin Kawu Dallatu

"Wasan nan naki ba shi da wuya," in ji Kawu Dallatu, mataimakin darakta a wata ma'aikata. "Tunda na ƙera takobin nan, kowane dodo sara ɗaya nake masa."

Khaula, 'yar ƙanwarsa da ta ƙirƙiro wasan kwamfutar a Gwarinpa, ta ce, "Kawu, zan sa maka dodon da ƙarfe ba ya cinsa. Ka ƙara shiri."

Abu ya zame masa jaraba. Kullum da hantsi sai ya ajiye hularsa a kan tebur, ya bar fanka tana juyawa, ya sulale cikin mota da kwamfuta. A wasan ya haƙo tama, ya yi zuga, ya ƙera sulke da garkuwa. Masu jiran sa hannunsa kuwa suna ta hamma a benci.

Ranar da ya gama shiri, ya banke ƙofar fadar dodon, takobi a zare.

Babu kowa a kujera. Ga hula a kan tebur, fanka tana juyawa. Rubutu ya fito: "Oga ya ɗan fita. A dawo gobe."

Washegari ma haka.

Ya kira ta a fusace. "Ke! Ta yaya mutum zai ci galabar wanda ba ya zama a kujerarsa?"

"Ni ma abin da ya dame ni ke nan, Kawu. Tun kafin azumi nake sintiri ofishinka ka sa wa takardar rajistar wasan nan hannu. Duba hular da kyau."